Masu turo infirmiya gida a Yamai, abinda na gani cikin wata 3

Tunda ana ta tambayata bari in faɗi abinda na gani game da kabinen nan, wato kamfanin da ke turo infirmiya (ma'aikaciyar jinya) gida nan Yamai. Innarmu ce ta samu shanyewar ɓarin jiki bara sanadin tansiyo, tun lokacin fitsari baya riƙuwa. Mu dai iyakar saninmu mu sayo kush na manya a farmasi mu ɗaura mata da safe sai ya jiƙe sharkaf, ga zafin Afrilu ga kuran da ke ɗaukewa, kafin sati 2 fatar cinyoyinta duk ta saluɓe. Ashe ma tsohuwa ta daina shan ruwa a ɓoye wai don kada ta ɓata zane ta rasa sallah, walahi ranar da na gane sai da na yi kuka.

Matar da sunka turo muna ranar farko ko jakarta bata buɗe ba, ta fidda yayana waje ta saki labule ta durƙusa tace Inna kin yarda in duba ki? Daga nan ta ja layi bisa takarda tace kwana 3 mu riƙa rubuta lokacin shan ruwa da lokacin fitsari, da wannan ta tsara muna aza Inna bisa po duk awa 2 zuwa 3 ko bata tambaya ba. Ruwa kuma tace a sha, hana shi ne ke sa fitsari yayi kauri ya kawo ciwon mara, shayin dare kawai aka rage. Wanki daga gaba zuwa baya, a dandanna da tsumma ba gurzawa ba, man zinc (na shafawa don kare fata) kaɗan, hoda babu. Ita ta nuna min layin nan na jikin kush mai canza kala in ya jiƙe, wata nawa ina sayen abin ban taɓa lura ba! Har ƙugun Inna ta auna, ashe babba muke saye shi yasa yake yoyo ta gefe.

Wata ƴar uwarmu da ke aiki gidan tsofaffi a Faransa tace can har wata ƴar na'ura ake maƙalawa ga kush tana tura saƙo ga waya in lokacin canji yayi, mu dai nan takarda da biro sun rage muna kush sosai.

Inda sunka ɓata min rai shine satin da matar tayi tafiya, yarinyar da ta maye ta ta ɗora kush biyu ta zazzaga hoda tana ɗaga ma Inna murya kamar kurma, ga latti. Kuɗi dai iri ɗaya munka biya kuma ba kaɗan bane. Na kira shugabarsu nace Hajiya ku koya ma yaranku aiki kafin ku turo su gidan mutane, ta bada haƙuri. In zaku ɗauka ku tsaya kan mutum guda tun farko, ku tambayi wa zai zo ranar da bata nan.