Hattara da mai tallar robar ɗaure ƙafa ga masu shanyewar ɓarin jiki

Jama'a, duk mai jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye, don Allah ya tsaya ya karanta.

Bara hawan jini ya kayar da Babanmu, ɓarin dama ya shanye. Ya samu sauƙi, alhamdulillahi, sai dai har yanzu jan ƙafar yake yi, yatsun na sharar ƙasa, idon sawun ya sandare. Ƙanwata ce ta ga talla a Facebook, wani mutum cikin farar rigar likitoci yana nuna doguwar roba, wai a naɗe idon sawu da ita, cikin kwana 14 majinyaci zai jefar da sanda. Muka tura masa naira 38,000. Sunan da ke kan asusun ma daban yake da wanda yake kiran kansa, amma zumuɗin ganin Baba ya taka zuwa masallaci ya rufe mana ido.

Ta WhatsApp ya ce a ɗaure tamau bayan isha'i, kada a kwance sai asuba, a kuma dakatar da maganin hawan jini. Allah ya tsare, maganin dai ba mu dakatar da shi ba.

Cikin dare Umma ta shafa ƙafar ta ji ta sanyi ƙalau, yatsu sun kumbura sun yi duhu. Baba kuwa yana barcinsa, domin ƙafar ba ta ji sosai. Da almakashi muka yanke robar.

Washegari mai gashin ƙashin da ke duba shi ya yi mana faɗa sosai. Ya ce robar tana da amfaninta, 'yan wasa sun daɗe suna naɗa ta don sassauta gaɓa, wasu masu gashi ma suna gwada ta ga masu irin lalurar Baba. Amma kamar minti 2 ake barinta, ana motsa idon sawun, ƙwararre na tsaye, sai a kwance ta. Kuma ba a kusantar da ita ga mai gudan jini a jijiyar ƙafa, ko mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina ji. Asalin ciwon a ƙwaƙwalwa yake, roba ba ta kai can. Abin da ke dawo da tafiya shi ne atisaye kullum, wani kuma a yi masa takalmin da ke tallafe idon sawu, irin wanda ake aunawa a Asibitin Ƙashi na Dala.

Da muka kira mutumin, ya toshe lambarmu. Yanzu ya sauya sunan shafin, amma hoton da alƙawarin kwana 14 suna nan. In ya tuntuɓe ku, ku nemi lambar rajistarsa ta MRTB, hukumar da ke yi wa masu gashin ƙashi rajista a Najeriya. Wata maƙwabciyarmu ta tambaye shi jiya, har yanzu bai amsa ba.