Makullin gefe da na sa wa tsohuwar Mauser ɗina: ƙarfen ya yi, aikin ne ya kusa jawo mana masifa

Na ɗan jinkirta rubuta wannan sharhi sai da zuciyata ta huce, don kada in zalunci kowa. 'Yan uwa da muke fita farautar barewa tare a nan jihar Pensilbaniya ta Amurka sun san bindigata: tsohuwar VZ-24 ce ƙirar Brno, tsarin Mauser 98, mai cin harsashi 8x57. Kafin ta zo hannuna wani ya riga ya rage mata ƙota, ya lanƙwasa hannun sakata (ƙarfen da ake ja a tura harsashi cikin bindiga), ya huda wurin ɗaura madubin saiti. Abin da bai taɓa ba shi ne makullin soja mai kama da tuta da ke bayan sakata, wanda ke hana bindiga tashi. A kwantar da shi hagu, sai harbi. A tsayar da shi tsakiya, bindiga ta kulle amma sakata na buɗuwa. A kai shi dama, komai ya kulle. Ban taɓa ganin aibin wannan makulli ba sai da ido ya fara neman taimako na ɗora madubi. Tutar idan za ta juya sama take bi, madubi kuwa yana zaune a kan hanyarta. Na gwada dogayen zobba na ɗaga madubin, sai kuncina ya daina zama a kan ƙota, ga shi da safar hannu a sanyin ƙarshen Nuwamba yatsa ba ya shiga tsakanin tuta da madubi.

Akwai makullai masu araha da ake iya canza shi da su. Mai kwanciya irin na kamfanin Buehler matsayi biyu gare shi, ni kuwa na tsakiyan nan nake so, domin dokar farauta a jihar nan ta hana a shiga mota da bindiga cike, har jingina ta a jikin mota ma ba a yarda ba. Ke nan a wuni ɗaya mutum zai yi ta zubawa yana cirewa, kuma ƙasan gidan harsashin soja ba ya buɗuwa da sauƙi, sai dai ka bi da harsasai ta sakata ɗaya bayan ɗaya. Ina son in yi wannan aiki alhali allurar da ke sarar harsashi tana kulle. Makullin da ke zuwa haɗe da sabuwar kunama kuma kunamar kawai yake tarewa, allurar tana nan a ɗane. Shi ya sa na rufe ido na sayi mai tsadar, wanda ake canza murfin bayan sakata gaba ɗaya, mai hannu a gefen dama irin na bindigar Winchester Model 70: baya kulle duka, tsakiya kulle da damar buɗe sakata, gaba harbi.

Shagon da ya sayar mini shi ne ya ce zai ɗaura. Na tambayi mai shagon har sau da dama ko sun saba da Mauser, ya ce wannan ai aikin awa guda ne, cirewa da sakawa kawai. Ranar da na je karɓa, ya ɗana bindigar ba harsashi, ya ja makulli baya, ya matsa kunama da ƙarfi a gabana, ba abin da ya faru. Sai ya tura shi tsakiya, ya buɗe sakata, ya miƙo mini. Na biya na tafi raina fes. A ido kuwa abin ya yi kyau ƙwarai, ya zauna ƙasa da madubi, babban yatsa na kai masa ba tare da na saki ƙota ba.

Daren Juma'a, washegari Asabar ɗin da ke bin bikin godiya na Thanksgiving, wadda tun 2019 ita ce ranar buɗe farautar barewa da bindiga, muna shirya kaya ni da babban ɗana. Shi ne zai riƙe Mauser ɗin a wannan fita, na riga na yi masa alkawari. Rigunan farauta masu launin lemu na rataye, takardun izini na kan tebur. Kamar yadda nake yi da kowace bindiga kafin daji, na leƙa na tabbatar ba komai a ciki, na sa yatsa na sake tabbatarwa, na juya bakinta ga bangon ƙasan gida. Na ɗana, na ja makulli baya, na matsa kunama. Sai na ji wani ɗan sauti, ƙas, ƙarami ƙwarai, kuma na ga dunduniyar allura, wato ƙarfen da ke riƙe ta a ɗane daga baya, ta ɗan matsa gaba. Kunamar ma da na sake ta ba ta koma wurinta sosai ba, ta tsaya a sake. Na ɗauke hannuna daga wajenta gaba ɗaya, na tura makulli gaba da babban yatsa.

Ƙwas! Allura ta sara.

Ba wanda ya taɓa kunama. Yaron ya dube ni ya ce, “Abba, da akwai harsashi fa?” Wallahi ban iya ba shi amsa ba. Na maimaita, ta sake sara. Na gwada daga matsayin tsakiya, haka. Duk sanda aka taɓa kunama makulli na kulle, to bindigar ta riga ta tashi, jira kawai take a buɗe. Wanda ya taɓa ratsa surƙuƙin dajin nan ya san reshe na kama kunama, igiyar riga na kamawa, safar hannu mai kauri na gogarta ba ka sani ba. Yaro ya yi tafiyar safiya da bindiga a kafaɗa yana ganin a kulle take, barewa ta fito, ya buɗe makulli kafin ya gama ɗagawa, ni ina gabansa ko abokin farautarmu na gefensa. Inna lillahi. Daren nan barci bai ɗauke ni ba sai wajen asuba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: bindigar da ba ta da makulli ka san ba ta da shi, ba za ka sa mata harsashi a baki ba, amma wadda ta ce maka ta kulle alhali ƙarya take yi, wannan ita ce mai kisa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gwajin da aka yi mini a shago rabin gwaji ne. Da ya buɗe sakata bayan ya matsa kunama, ya goge shaidar ke nan, domin ɗaga hannun sakata na mayar da dunduniya baya, haƙorin kunama, wanda ke tare dunduniyar har a matsa kunama, ya tashi ya koma wurinsa. Ko da gangan ya yi ko bai sani ba, Allah masani, amma wanda ke karɓar kuɗin mutane a kan makullin bindiga bai da uzurin rashin sani. Da na koma masa, sai ya fara karanta mini cewa Mauser masana'antu da yawa suka ƙera ta a ƙasashe daban-daban tsawon shekaru, awonsu bai zo ɗaya ba. Gaskiya ne. To me ya sa ranar ciniki ya ce cirewa da sakawa ne kawai? Ya ce in bar ta ya sake dubawa. Na ɗauki abata na fita.

Wani dattijon maƙerin bindiga ne, wanda abokinmu ya haɗa ni da shi, ya warware mini zancen. Ya kwance sakatar a gabana, ya ɗora dunduniyar a tafin hannuna ya nuna mini fuskar da makulli ke kamawa. An ci ta da injin wasa, an wuce gona da iri, har ana ganin layukan dutsen, gefen kuma ya fara lotsewa. Ya ce makulli irin wannan ba tare allura kawai yake yi ba, dole lokacin da kake kulle shi ya ja dunduniyar baya kaɗan, abin da bai kai rabin milimita ba, ya raba ta da haƙorin kunama. In ta rabu, ka matsa kunama haƙori ya sauka, ka saki ya tashi ya koma gabanta, ranar da ka buɗe makulli ya tarbe ta. Nawa kuwa saboda an ci ƙarfen da yawa, makullin na shiga ne a sarari bai ja komai ba, nauyin sifirin duka na kan haƙori. Haƙori na sauka sai dunduniya ta zame ta hau kansa ta danne shi. Ya ƙara da cewa taurin waɗannan tsofaffin ƙarafa a fata yake, in ka goge fatar ka isa ga mai laushi, sai ka sake ƙona shi ka taurara, in ba haka ba ko yau ya yi daidai gobe zai cinye.

Ya nemo wata dunduniyar, ya bi ta da magagari da dutse a hankali, yana shafa baƙin alƙalami yana haɗawa yana dubawa, sannan ya taurara fuskar. Da ya gama ya sa ni na tsaya a gefen haske na kalli bayan sakata yana jan makulli: da idona na ga dunduniyar ta ja da baya. Ya sa na matsa kunama iya ƙarfina a matsayi biyun, na saki, na buɗe, shiru. Ya buga gindin ƙota a kan tabarmar roba, ya rufe sakata da ƙarfi, duk ba ta sara ba.

Daga nan kam dole in faɗi gaskiya, makullin ya burge ni. Na mayar da madubi kan gajerun zobba, kunci ya samu wurin zama, kuma da safar hannu ma yatsa na samunsa nan take. Cire harsasai a bakin mota ya zama abin kwanciyar hankali. Kwance sakata don wankewa ma na nan yadda aka saba, ka sa shi tsakiya ka zare ka murɗe. A filin gwaji na ji kamar sabuwar bindiga aka ba ni, har na ce wa abokai kowa mai Mauser ya saya.

Amma da na zauna rubutu na ciro takardar da ta zo a cikin kwalin, sai raina ya sake ɓaci, kuma wannan karon da masu ƙera shi. Shafi guda ne, zane ɗaya, da layin da ke cewa ana iya bukatar ɗan gyara. Ɗan gyara! An yanka gurbi a bayan sakatata don ta riƙa kullewa, abin da ba zai koma ba har abada, an canza dunduniya, an ƙona ƙarfe. Babu ko jimla ɗaya da ta ce bayan ɗaurawa a kulle, a matsa kunama, a saki, sannan a buɗe a gani. Ga baƙinsa na sheƙi bai dace da dusashen launin tsohuwar bindiga ba, kuma in ka tura shi daga tsakiya zuwa gaba da sauri yana ƙara, sai ka riƙe shi da yatsu biyu ka raka shi, in ba haka ba barewa ta ji ka. Ranar buɗe farauta kuma ta wuce yaron bai riƙe bindigar da aka yi masa alkawari ba, aron ta wani ya yi.

Don haka maganar da na yi wa abokai na rage mata. Wanda ke da maƙerin da ya san Mauser hannu da ƙafa, ya kuma shirya biyan kuɗin aiki da zai iya kamo kuɗin kayan, ya saya, zai ji daɗinsa, kuma ya haɗa da dunduniya ta biyu tun farko don a bar ta asali lafiya. Wanda shagon sayar da kaya ne zai ɗaura masa, ya haƙura da dogayen zobba. Kuɗin aikin da shagon farko ya karɓa kuwa har yau bai dawo ba, na rubuta musu, kuma ban bar maganar ba.