Firamar roba ta gwangwani: yadda ta yi mini a bambar mota

Firamar roba wani ruwa ne marar launi da ake fesawa a kan tsurar roba kafin a kai ga firama ta gaske (shafin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin fenti) da fenti, don fentin ya samu abin kamawa. Na sayi irin ta gwangwanin feshi na yi aiki da ita a bambar gaba, da murfin madubin gefe, da baƙar robar nan da ke zagaye da bakin taya. Tana aiki, kuma zan sake saya. Sai dai ba ta yin rabin abin da mutane ke ɗora mata.

Bambar tawa wani mai fenti ne ya fara fesa ta, ta fito tana walƙiya. Ba a daɗe ba, wajen wanki, ruwan inji ya bugi gefenta, fenti ya tashi falle guda, faɗin tafin hannu. Na juya ɓawon na duba: bayansa sumul, ko ɗigon baƙi babu, robar da ke ƙasa kuma tana sheƙi kamar ba a taɓa sa mata komai ba. Duk wanda fentinsa ya ɗaye, ya fara da duba wannan ɓawon kafin ya sayi komai. In ya taso har da firamarsa ya bar tsurar roba, to tun farko bai kama ba, kwanciya kawai ya yi a kai, kuma nan ne aikin wannan gwangwanin. In kuwa firama na nan daram, fentin sama ne ya rabu da ita, matsalar daban ce: ko ba a goge firamar da sanfefa ba, ko an bar ta ta wuce lokacinta. Firamar roba ba ta da ruwa da wannan.

Abu na biyu, a leƙa bayan bambar. Akwai hatimin da aka zuba tare da robar, tawa an rubuta >PP+EPDM<. Yawancin bambar motocin yanzu dangin PP ne, wato folifirofilin, roba mai lanƙwasuwa da jure bugu, amma mai ƙin duk abin da aka shafa mata. A ma'aunin da ake gwada yadda ruwa ke shimfiɗuwa a jikin abu, PP tana wajen 30, alhali fenti yana son 38 ko sama kafin ya baje ya kama. Sinadarin da ke cikin yawancin irin wannan firama dangin robar ne da aka haɗa da kilorin, shi ya sa ɓangare ɗaya yake riƙe robar, ɗayan ya riƙe fenti. In hatimin ya goge, a yanki ɗan ƙanƙani daga ciki a jefa a ruwa: PP tana tasowa sama don ta fi ruwa rashin nauyi, ABS kuwa, wata irin roba mai tauri, nutsewa take yi. Murfin madubina ABS ne, kuma gaskiya ban ga wani bambanci a kansa ba. Wurin da na fesa da wurin da ban fesa ba duk sun kama. Asarar gwangwani ce kawai.

Inda aikin yake shi ne wanki, kuma takardar jikin gwangwanin layi biyu kacal ta ba shi, abin da na ga bai dace ba. Na cire tsohon fentin gaba ɗaya, don fesa wannan firama a kan fentin da yake ɗayewa daidai yake da yaɓe a kan bangon da ke zubewa. Na wanke bambar ciki da waje da ruwan ɗumi da sabulu, na cuɗe ta da soson gogewa mai ruwan toka, na bi lungunan fitila da ramukan lamba. Kada a sa sanfefa mai kaushi ko injin gogewa da gudu: wannan roba zafi take ɗauka ta yi gashi-gashi, kuma gashin zai fito ta cikin fenti. Daga nan na goge da ruwan goge roba mai kashe maganaɗisun da ke jawo ƙura. Tina mai ƙarfi ba ta dace ba, robar tana shan ta, daga baya ta fito ta tayar da fenti ƙuraje-ƙuraje.

Gwajin da na fi yarda da shi ruwa ne kawai. Ka watsa ruwa mai tsabta a kan robar da ka wanke. In ya baje ya zama shimfiɗa guda yana gangarowa, ta wanku. In ya dunƙule ɗigo-ɗigo yana gudu, akwai sauran maiƙo, a koma wanki. Sabuwar bamba wadda ba a sa mata firama daga masana'anta ba ta fi wahala, saboda man da ake shafa wa abin da ake zuba robar a ciki don ta fita yana shiga jikinta. Masu ɗakin gasa fenti sukan ɗumama ta a wajen digiri 60 na kimanin rabin awa zuwa awa guda, man ya tsattsafo, a sake wankewa.

Robar bakin taya ce ta ba ni kunya, ko in ce ta nuna iyakar gwangwanin. Shekara da shekaru masu wanki suna shafa mata man ƙyalli mai silikon. Na wanke, na fesa firamar, amma da fenti ya sauka sai ga ƙananan ramuka zagayayyu, kowanne da ɗan ɗigo a tsakiya, fenti yana janyewa daga wurin ina kallo. Silikon ba ya jin firamar roba ko kaɗan. Dole na bari ya bushe, na goge, na koma kan wanki da abin cire silikon.

Fesawar kanta ba wuya, amma tana da tarko. Tunda ruwan ba shi da launi, ba ka ganin inda ka bi, sai hannu ya riƙa son ƙarawa. Shafi ɗaya siriri ake so, a karkata fitila a gefe a ga ɗan danshin da ya sauka. In ya yi kauri, yana zama laushi a ƙarƙashin fenti, ya zama shi ne sabon wurin ɗayewa. Nawa gwangwanin ya ce a jira 'yan mintoci ya sha iska sannan a ɗora firama kafin lokaci ya ƙure, kuma wannan lokaci ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a bi abin da aka rubuta. Kan feshin ya fara tofi da gwangwanin ya yi ƙasa, ga wari mai hawa kai. Takunkumin ƙura ba ya tare shi, sai mai matatar sinadari, a wuri mai iska.

Da fenti ya bushe sarai, na je ƙasan bambar inda ido ba ya kai, na tsaga layi shida a tsaye shida a kwance da reza, irin gwajin da ƙa'idar ISO 2409 ta tsara, na manna salatif mai ƙarfi na fizge. Ko murabba'i ɗaya bai taso ba. Na lanƙwasa gefen da hannu, bai tsage ba, duk da cewa wannan ba aikin firamar ba ne, ruwan sassauci ne da na zuba a cikin kiliya, wato shafin ƙarshe marar launi mai ba fenti ƙyalli. Tun daga nan motar ta sha wanki da inji, ta sha tsakuwar hanya. Inda dutse ya buga akwai ɗan tabo kamar kan ashana, amma na sa farce a bakinsa na kankara, fentin bai biyo ba.

Gwangwani ɗaya ya ishi bamba guda har da saura. Mai aiki da bindigar feshi kullum zai fi cin riba da ta gwangwanin zubawa, don ya fi iya sarrafa kaurin shafin.