Talla da "hype": wanne ya fi wa mai sana'a?

Matasa a Instagram da TikTok sun saba cewa "an yi wa abin nan hype". A Turanci kalmar na nufin zuzuta kaya, ko waƙa, ko taro, har a cika kunnen jama'a, kuma sau da yawa tana ɗauke da zargin cewa abin bai kai yadda ake kururuta shi ba.

Ita talla aikinta sanarwa ne. Mai atamfa a Kantin Kwari zai warware maka turmi, ka taɓa, ya faɗi kuɗi, ku yi ciniki. Ko ya wasa kayansa, kayan na gabanka.

Shi kuwa hype yakan riga kayan isowa. Ɗoki ake sayar maka, da tsoron kada a bar ka a baya. Dubi Fyre, wani bikin kiɗa da aka yi alƙawarin zai zama na alfarma a 2017 a tsibiran Bahamas: fitattun mata masu tallar kayan ƙawa suka yi ta yayata shi a Instagram, mutane suka zuba daloli, da suka isa sai suka tarar da tantuna da burodi da cuku. A 2018 kotu a Amurka ta ɗaure Billy McFarland, wanda ya shirya bikin, shekara 6.

Ba kowane hype ne zamba ba, sabon fim ma yana buƙatar a ji ɗuriyarsa kafin ya fito. Amma ga mai ƙaramar sana'a na fi son talla, domin jarinsa ba zai jure ba idan masu saye suka juya masa baya bayan cinikin farko.