Bayan faɗuwa a SDLE: a sake zama nan take, ko a dakata?

Ɗalibin likitancin haƙori da ya faɗi SDLE, jarrabawar lasisi ta Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya, hanyoyi biyu ne a gabansa.

Yana iya sake neman kujera a cibiyar Prometric, kamfanin da ake zana jarrabawar a cibiyoyinsa, cikin makonni kaɗan, tun karatun bai kwanta masa ba. Wannan ya dace da wanda maki kaɗan suka kayar, ko wanda lokaci ya ƙure masa.

Wanda kuwa tazararsa ta yi nisa, gara ya dakata wata uku ko huɗu. Na ga wata ɗaliba a Jidda, tana cikin shekarar imtiyazi, wato shekarar horon aiki a asibiti bayan kammala karatu, wadda ta baje sakamakonta a kan tabarma bayan sallar isha, ta gano cewa jinyar jijiyar haƙori da cututtukan dasashi ne suka ja ta ƙasa, alhali ciko ta fi ɓata wa lokaci domin shi take sha'awa. Jiran yana da ɗaci, musamman idan abokan karatu sun fara neman gurbin ƙwarewa, iyaye kuma suna tambaya kullum, amma a ganina shi ya fi mata, tunda kowane zama da kuɗinsa kuma adadin zaman a shekara ƙayyadadde ne.