Zaman Asabar na sabbin likitocin gashi a Gombe: wata huɗu da na yi a ciki

Wata ƙawata da muka yi karatu tare ce ta fara ba ni labarin wurin. Ta ce akwai wani babban likitan gashi, wato mai jinyar ƙashi da gaɓoɓi ta hanyar gashi da motsa jiki, a nan cikin garin Gombe mai ɗan asibitinsa na kansa, duk ranar Asabar yana zama da sabbin shiga aikin, ana biyan Naira dubu 15 a wata. Na yi jim. Ban daɗe da gama shekarar sanin makamar aiki ba, wadda hukumar MRTB mai yi wa likitocin gashi rajista ke wajabta mana kafin cikakkiyar rajista, ga lasisi a hannu, me kuma za a koya mini da kuɗi? Yau wata huɗu ke nan ina zuwa, kuma ƙannenmu da ke tasowa sun dame ni da tambaya ko su shiga.

Wurin ba shi da girma. Gadaje uku ne da labule a tsakaninsu, sandunan koyon tafiya a jikin bango, fitilar gashi biyu, sai farin allo da ya sha rubutu har ya dafe. Mu bakwai ne, yawancinmu daga Jami'ar Bayero ko ta Maiduguri muka fito, akwai mai tahowa daga Kumo, akwai mai tahowa daga Billiri. Ana farawa ƙarfe 10, a tashi da kiran sallar Azahar. Mai wurin, Malam muke ce masa, ya haura shekara ashirin a bakin aiki.

Marasa lafiya biyu ake gani a kowane zama, waɗanda aka nemi yardarsu tun da farko. Wanda layi ya zo kansa zai saurari bayanin ciwon, amma kafin ya ɗora hannu a jikin mutum sai ya fito ya rubuta a allo abubuwa uku da yake zargi, kuma a gaban kowanne ya rubuta abin da in ya gani zai soke shi. Na ukun nan ne ke ba mu wuya. Na farko yana zuwa da kansa, na biyu a daddafe, na uku sai ka tsaya da alƙalami a hannu kana kallon allo.

Asabar ta uku layi ya zo kaina. Wani saurayi ne ɗan shekara 19, takardar da ya zo da ita ta ce ciwon gwiwar hagu, wata biyar. Na matsa gwiwar, na lanƙwasa, na miƙe, babu kumburi, babu zafi a fata, jijiyoyin da ke riƙe ta ƙalau. Na riga na yanke a raina: a gasa masa da fitila, a ba shi motsa jikin ƙarfafa cinya. A allo kuwa duk ukun da na rubuta na gwiwa ne.

Malam ya dubi allon ya ce, "Malama, kin ga shigowarsa?"

Na ce ina rubutu a lokacin.

Ya leƙa bayan labule ya ce, "Samari, daure ka taka zuwa ƙofa ka dawo." Yaron ya taka. Duk sanda ya ɗora nauyi a ƙafar hagu sai kafaɗarsa ta karkata can gefen. Malam ya ce ya zauna ya cire takalmi, sai muka ga bai ɗago ƙafar ya ɗora a kan cinya ba, sunkuyawa ya yi har ƙasa yana cije leɓe. Sannan ya ce da ni in kwantar da shi in juya cinyar zuwa ciki. A ɓangaren dama ta tafi sumul, wajen digiri 40. A hagu ko rabin haka ba ta kai ba ya riƙe mini hannu, ya nuna matsematsinsa, ya nuna gwiwa.

"Wace tambaya ce ba ki yi masa ba?" in ji Malam.

Sai a lokacin na lura da idon yaron, ɗan ɗorawa-ɗorawa, da yadda jikinsa bai kai shekarunsa ba. Na ce, "Ƙanena, kana da sikila?" Ya ce e, tun yana ƙarami, bai faɗa ba ne don ya ɗauka ba ta shafi gwiwa ba.

Na san wannan karatun sarai, na ci jarrabawa a kansa. Ƙwayoyin jinin mai sikila kan toshe ƙananan hanyoyin da ke shayar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya fara mutuwa a hankali, kuma da yake jijiya guda ce ke kai saƙo daga ƙugu da cikin gwiwa, sai mutum ya riƙa jin ciwon a ƙasa alhali ɓarnar tana sama. Ilimin yana kaina, takardar da ta ce gwiwa ce ta rufe mini ido. Ran nan ba a kunna fitila ba. An auna masa sandunan hannu don ya rage wa ƙafar nauyi, aka rubuta masa takarda zuwa wajen likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya, Malam ya ƙara da cewa hoton ƙashi na yau da kullum kan iya fitowa lafiya a farkon ciwon, don haka kada a sake da shi. Na kwana ina tunanin da makonni nawa zan yi ina gasa gwiwar da babu abin da ya same ta, yaro yana ta taka ƙugun da ke lalacewa.

Wannan shi ne abin da kuɗin ke saya, kuma a ganina ya ci kuɗinsa. A wurin aiki layi ba ya barin kowa ya tsaya ya tambaye ka dalilinka. Mutanenmu kuma gashi suka sani, in ba a haska musu jar fitilar nan ba gani suke ba a yi musu komai ba, sabon likita kuwa yana son a yaba masa, sai ya kunna. Malam ba ya hana fitila, amma sai ka faɗi me kake so ta yi, kuma sai ka gwada fatar da ruwan ɗumi da na sanyi tukuna, musamman ga mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, don ƙonewa zai yi bai sani ba.

Wani abin da ya zauna mini shi ne tambayar da yake sa mu rufe bayani da ita: me ciwon ya hana ki yi? A makaranta mun haddace tsarin ICF, mai duba yadda ciwo ke shafar ayyukan mutum na yau da kullum, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2001, amma a nan na ga amfaninsa. Wata dattijuwa mai sanƙararriyar kafaɗa, da na ce, "Inna, me ya fi damun ki?" ba ta ambaci zogi ba, cewa ta yi jikarta ke ɗaura mata ɗankwali. Shi muka sa a gaba, da shi muke auna ci gaba duk mako. Wani dattijo kuma zaman tahiya ne ya gagare shi.

Alamomin haɗari kuwa kullum sai an maimaita su kamar karatun allo. Ciwon baya da zazzaɓin dare da rama, a tuna da tarin fuka na ƙashin baya. Fatar tsakanin cinyoyi ta daina ji ga kuma riƙewar fitsari, wannan ba na gobe ba ne, yau za a tura shi.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Malam yana da zafi, kuma wani lokaci gyaran a gaban mara lafiya yake yin sa. Akwai ranar da ya ƙure wani abokin aikinmu da tambaya har wata Hajiya ta ce ita dai a bar mata babban likita ya duba ta, abokin namu bai sake buɗe baki ba sai bayan mako biyu. Labule ba bango ba ne, a fita waje a yi gyaran mana. Sannan ciwon ƙashi da gaɓoɓi ya cinye zaman. Cikin wata huɗu sau biyu kacal muka ga mai shanyewar ɓarin jiki, ƙaramin yaro ko ɗaya ba mu gani ba, alhali a asibitocinmu kullum sai an kawo jaririn da hannunsa ya saki wajen haihuwa, ko yaron da allura ta taɓa masa jijiyar ɗuwawu yana jan ƙafa. Dubu 15 ma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda bai samu aiki ba, balle mai biyan kuɗin mota daga Billiri.

Wanda ke neman takardar shaida ta ratayewa a bango kada ya ɓata kuɗinsa, ba a bayarwa. Wanda ke kunyar a ce ya yi kuskure a gaban sa'o'insa zai sha wuya a makonnin farko. Ni dai na biya na wata mai zuwa, na kuma roƙi Malam a ware Asabar ɗaya a wata don yara, ya ce in na samo iyayen da suka yarda zai buɗe mana ƙarfe 9. Na riga na yi magana da uwa biyu.