Bishiyar bey tana zubar da ganye: ƙishi ne ko ruwa ya yi mata yawa?

Wata Hajiya ta yi tambaya: bishiyar bey ɗinta, mai ganyen nan da muke jefawa a dafa-duka, tana cikin tukunya a unguwar Rayfield da ke Jos, ganyenta ya yi rawaya yana zuba. Ko ta ƙara mata ruwa da taki?

Hajiya, ki ɗan dakata tukuna. Daga nesa ƙishi da yawan ruwa kamarsu ɗaya, sai an matso ake bambance su.

In ƙishi ne, bakin ganyen ke fara ƙonewa, ya yi ruwan ƙasa, ki murza ki ji ƙaras. Ƙasar tukunyar takan janye daga jikin bango, ki zuba ruwa ya zurare ta gefe ya fice. Wannan ciwon hunturu ne, Disamba zuwa Fabrairu. Ba shi da wuya: ki tsoma tukunyar cikin baho na awa guda, ki kawar da ita daga bakin iska.

Yawan ruwa shi ne mugun. Ganyen ya yi rawaya amma da laushi, ya langaɓe alhali ƙasar jagab take. Ki tura yatsa har gaɓa biyu. In kin ji laka, ki kwantar da tukunyar ki zaro bishiyar da ƙasarta. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari. Wadda ta ruɓe baƙa ce, tana saɓulewa a hannu, ga wari kamar na kwata.

Ni dai wannan na fi zargi, tunda a Agusta tambayar ta zo. Asalin bishiyar daga yankin Bahar Rum take, inda lokacin zafi ke zuwa ba ruwa. Sanyin Jos ya karɓe ta, marka ce ba ta jurewa.

Ki datse ruɓaɓɓun saiwoyin da almakashi mai tsabta, ki sake mata ƙasa da aka cakuɗa da yashi mai tsakuwa, ki tabbata gindin tukunyar a huje yake. Ki ɗora ta kan bulo a baranda inda rana ke shiga. Farantin nan da ake sawa a ƙasa don kada a ɓata tayil, a cire shi. Taki kuma a'a, saiwar da ke ciwo ƙone ta zai yi. Sai kin ga sabon toho.

Ki kuma leƙa bayan ganyen. In akwai 'yan ƙuraje masu ruwan ƙasa, da danƙo kamar darɓa, kiyashi na hawa da sauka, ƙwari ne. Ruwan sabulu ko man darbejiya ya isa, a maimaita duk mako.

Kafin ki yanke ƙauna, ki kankare ɓawon reshe da farce. In kin ga kore tana da rai, ko da ganye bai rage ba, don takan tofo daga gindi. Sai dai fa ba ta sauri, za ki iya yin wata biyu kina leƙe.